Wa Zai Rubuta Tarihin Gidanku?

A wannan mako za mu fara da 'yar jarrabawa wadda ba ta buƙatar biro ko takarda. Kowa ya faɗi sunan mahaifinsa. Wannan mai sauƙi ne. Kowa ya faɗi sunan kakansa na wajen uba. Shi ma da dama za su ci. To, mahaifin kakan fa, yaya sunansa? Kakarku ta wajen uwa, a wane gari aka haife ta, kuma me ya kawo ta garin da ta yi aure? Wace sana'a ake yi a gidanku kafin a san aikin albashi?

A nan ne hannuwa suke fara sauka a aji. Za ka sami ɗalibin da zai jero maka Hausa Bakwai ba tare da ya numfasa ba, ya gaya maka shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa, amma bai san sunan matar da ta goyi mahaifiyarsa ba. Dalilin kuwa a fili yake: tarihin sarakuna da gwamnoni yana cikin littattafai, shi kuwa tarihin gidanku yana cikin kawunan mutum biyu ko uku ne kawai, kuma dukkansu sun manyanta. Ranar da aka wayi gari babu su, an rufe wannan babi ke nan. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da wasu wuraren. Akwai yaran da ke zaune a aji tare da ku waɗanda garin da aka binne cibiyarsu ya zama kufai. Idan ba a rubuta yadda garin yake ba, ƙannensu za su tashi ba su san ko rijiyar garin tana gabas ko yamma ba.

Saboda haka yau za mu tattauna yadda ɗalibin sakandare zai rubuta labarin ƙuruciyarsa da tarihin gidansu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Waɗanda suka riga mu

Kada wani ya ce wannan aikin tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya. Ɗaya daga cikin tsofaffin labaran rayuwa da aka buga da Hausa, na wani yaro ne sa'anku. Sunansa Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram. An kama shi bauta yana ƙarami, daga baya aka 'yanta shi, ya bi Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth har Timbuktu, sannan ya tafi da shi Ingila a 1855. A can ya zauna ya ba wani malami mai suna J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, tun bai kai shekara 20 ba. An buga labarin a cikin littafin Magana Hausa a 1885, kuma har yau masana suna komawa gare shi don su ji yadda ake Hausa a wancan zamani, da yadda bauta take a idon yaron da ta faɗa wa.

Sai kuma Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877. Ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta riƙa zama da wata Baturiya mai suna Mary Smith tana ba ta labari da Hausa, ita kuma tana rubutawa. Ta faɗi yadda ake harin bayi tana yarinya, da zuwan Turawa, da yadda ake aure da ƙawance da zaman kishi da renon 'ya'yan dangi. Baba ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954. Ku dubi tazarar. Da an jinkirta wannan zama da shekara biyu kacal, da babu littafin, da kuma duniya ta rasa ɗaya daga cikin manyan hujjojinta kan rayuwar matan Hausa kafin mulkin mallaka.

Akwai wasu da yawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi da Larabci inda ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, cikinsu har da mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu da wasu dangi. Nana Asma'u ta adana labarin mutanen gidansu a cikin waƙoƙin ta'aziyya da ta yi musu. Sardauna Ahmadu Bello ya fitar da tarihin rayuwarsa a 1962, inda ya faro daga ƙuruciyarsa a Rabah. Tarihin da Abubakar Imam ya bari na rayuwarsa ya fito a 1989, shekara 8 bayan rasuwarsa. A wajen ƙasar Hausa, Camara Laye na Gini ya rubuta ƙuruciyarsa a maƙerar mahaifinsa a 1953, Wole Soyinka kuma ya rubuta tasa ta unguwar Ake a Abeokuta a 1981. Kowannensu daga tsakar gida ya fara.

Ku fara da abin da kuka gani da idonku

Kafin ku je wurin tsofaffi, ku fara kwashe abin da ke cikin kanku. Ku sami littafin rubutu guda, mai shafi 40 ko 60, ku keɓe shi don wannan aiki kaɗai. A shafin farko ku zana taswirar gidan da kuka fara wayo a cikinsa: zaure, soro, tsakar gida, madafa, rijiya ko famfo, turken awaki, inda randa take, inda ake shanya, bishiyar da ke ba da inuwa. Ku sa sunan mai kowane ɗaki. Za ku yi mamakin yadda zanen zai riƙa tono muku abubuwa. Da kun zana rijiya, sai ku tuna ranar da guga ya faɗa aka kira mai ƙugiya. Da kun zana zaure, sai ku tuna baƙon da ya kwana uku a ciki ba wanda ya tambaye shi ranar tafiya.

Daga nan ku jera ranakun farko: ranar farko a makarantar allo ko ta boko, karon farko da aka aike ku kasuwa ku kaɗai, azumin farko da kuka kai, tafiyar farko a mota mai nisa, rasuwar farko da kuka fahimci ma'anarta. Ku ƙara da wasannin da kuka yi, irin su langa da carafke da gaɗa da tashe da 'yar tsana, tare da dokokinsu yadda ake yi a unguwarku, domin dokar langa ta wani gari ba lallai ta zama ta wani ba.

Babban abin da ke raba rubutu mai rai da marar rai shi ne takamaiman abu. Ga misali. Wani zai rubuta: "Kakata mace ce mai kirki da son yara." Gaskiya ne, amma kakar kowa haka take a takarda. Wani kuma zai rubuta: "Kakata tana ɗaure kuɗinta a bakin zane, ƙulli uku. Na farko na goro ne, na biyu na adashi, na uku namu ne, kuma shi ne kullum yake fara ƙarewa." Mai karatu ya ga matar, ya kuma gane kirkinta ba tare da an ambaci kalmar ba. Don haka ku tambayi kanku a kowane labari: me na gani, me na ji da kunne, wane ƙamshi ke tashi, nawa ake sayar da abin? Ku rubuta farashi ko da kuna ganin ba shi da amfani. Nan da shekara 30, kuɗin ƙosai da kuɗin mota daga garinku zuwa birni zai zama abin da 'ya'yanku za su fi mamaki.

Ku sani kuma ƙwaƙwalwa tana haɗa abubuwa biyu ta mai da su ɗaya. Idan kun rubuta wani abu, ku karanta wa yaya ko ƙani da yake wurin. Idan ya ce ba haka aka yi ba, ku rubuta nasa a ƙarƙashin naku. Sau da yawa bambancin da ke tsakanin biyun ya fi kowannensu daɗi.

Zama da tsofaffi

A nan jika yana da gatan da ɗa ba shi da shi. A al'adarmu akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, har uwa ba ta kiran sunansa. Amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, ta kira ta mace kishiyarta, kakan namiji kuma yana tsokanar jikarsa da amarya. Tambayar da mahaifinku ba zai iya yi wa mahaifiyarsa ba, ku za ku yi ta cikin raha a ba ku amsa. Ku yi amfani da wannan dama.

Ku zaɓi lokacin da tsoho yake da sukuni, kamar bayan la'asar ko bayan cin tuwon dare. Ku je da ɗan abin hannu, goro ko dabino ko abin da kuka san yana so. Ku gaisa sosai, ku faɗi abin da ya kawo ku. Idan za ku ɗauki murya da waya, ku nemi izini tukuna, kuma a farkon ɗaukar ku faɗi kwanan wata da sunan gari da sunan mai magana. Zama ɗaya kada ya wuce minti 30 zuwa 40. Gara ku koma sau biyar da ku gajiyar da shi a rana ɗaya.

Kada ku ce, "Kaka, ba ni tarihinki." Za ta ce ba ta da wani tarihi, ita da ba ta je ko'ina ba. Ku yi ƙananan tambayoyi masu ƙofa a buɗe. "Kaka, da kina yarinya wa ke yi miki kitso?" "Me aka zuba miki a lefe?" "Ranar da aka kawo ki gidan nan, a kan me aka ɗauko ki?" "Baffa, wace gona ce ta fi tsufa a gonakinmu, kuma wa ya sare dajin?" "Kawu, wa ya fara zuwa makarantar boko a gidanku, kuma da yardar iyaye ko dole aka yi musu?" "Goggo, wane abinci kuke ci da wanda yanzu ba a yi?" Idan tsoho ya saki hanya ya shiga wani labarin, ku bar shi. Sau da yawa abin da kuke nema yana can inda ya karkata. Idan ya yi shiru, kada ku yi saurin cike shirun, tunani yake yi.

Ku tuna tsohuwa ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Za ta ce "malam" ko "mai gidan nan" ko "mai sunan wane". Kada ku matsa mata. Ku rubuta yadda ta faɗa, ku nemi sunan a wurin wani. Haka kuma kada ku tsaya ga dangin uba kaɗai. Sunan da ke kan takardunku na makaranta na uba ne da kaka, shi ya sa ɓangaren uwa yake saurin ɓacewa. Ku ba shi rabin littafin.

Yadda ake gano shekara

Da yawa daga kakanninmu ba su da takardar haihuwa. Waɗanda suka yi aikin gwamnati ma, wasu rantsuwar shekaru suka yi a kotu aka ƙiyasta musu. Amma tsofaffi suna da nasu kalandar, wato manyan abubuwan da suka faru. Aikinku shi ne ku mai da wannan kalanda zuwa lambobi. Ga wasu turaku da za ku ɗaure labari a jikinsu:

Zuwan Sarauniyar Ingila da hawan daba a Kaduna, 1956. Samun mulkin kai, 1960, a Nijar ranar 3 ga Agusta, a Nijeriya ranar 1 ga Oktoba. Kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa, Janairun 1966. Yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Korar baƙi daga Ghana, wadda ta dawo da Hausawa da yawa gida, ƙarshen 1969. Komawa tuƙi ta hannun dama, Afrilun 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, 1 ga Janairun 1973. Babban farin da ya kashe dabbobi, 1972 zuwa 1974. Kisan Janar Murtala, 13 ga Fabrairun 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Rikicin Maitatsine a Kano, Disambar 1980. Canjin launin kuɗi na zamanin Buhari da Idiagbon, Afrilun 1984. Ƙirƙiro jihar Katsina, 1987. Jigawa da Kebbi da Yobe, 1991. Zamfara da Gombe, 1996. Shigowar wayar salula, 2001. Husufin rana da ya mai da hantsi kamar dare a wasu garuruwan Arewa da Nijar, 29 ga Maris 2006.

Idan labarin ya haura zuwa iyayen kakanni, akwai cin Kano da Sakkwato da Turawa suka yi a 1903, da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da yunwar Kakalaba ta wajen 1914, da Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama saboda sojojinmu da aka kai can.

Akwai wata dabarar kuma. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka watan azumi yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara, ya dawo inda ya faro bayan kimanin shekara 33. Azumi ya faɗo cikin watan Agusta a 2010 da 2011. Ku ja baya da 33, za ku samu 1977 da 1978. Ku sake ja, za ku samu 1944 da 1945. To idan Kaka ta ce an haife ta da azumi ana tsakiyar marka, kuma tana goyon ɗanta na uku aka fara yaƙin basasa, kun san haihuwarta tana wajen 1945. Sai ku rubuta "wajen 1945". Kalmar "wajen" ba abin kunya ba ce, manyan masana tarihi ma suna amfani da ita.

Shaidun da ke cikin gida

Sunaye kansu labari ne. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai da Asabe suna gaya muku ranar haihuwa. Azumi da Ɗan'azumi da Tasallah suna gaya muku wata. Gambo ya biyo tagwaye. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza. Talle ya tashi da maraici. Ajuji kuwa ana sa wa yaron da 'yan'uwansa suka yi ta rasuwa kafin shi, don haka duk inda kuka ga wannan suna, akwai wata uwa da ta sha kuka. Ku tambayi dalilin kowane laƙabi a gidanku.

Tsagar fuska ma shaida ce. Yanzu ba a cika yi wa yara ba, don haka a fuskokin manya aka fi ganin ta. Ku tambayi sunan tsagar, ku zana ta a littafinku. Ku tambayi su wane ne abokan wasan gidanku, domin wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, ko Kanawa da Zazzagawa, yana nuna inda ake jingina asalin mutum. Sana'ar gado ita ma hanya ce. Idan an ce kakanninku fatake ne masu zuwa Gwanja, to kun shiga tarihin cinikin goro da ya haɗa Kano da Salaga ta ƙasar Ghana, irin wanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da shi. Idan an ce wani kakanku ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, mai yiwuwa kuna da dangi a Chadi ko Sudan, inda har yau akwai garuruwan mutanenmu irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu.

Sannan ku roƙi a buɗe muku tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe. A ciki akan sami katin haraji ko na jangali, lasisin keke, fasfon aikin Hajji, takardar sayen gona ko gida, katin baftisma, takardar sallama daga soja, wasiƙun ajami, da hotuna marasa launi masu hatimin mai hoto a baya. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a cikin kundinsu. Katin haraji yana ɗauke da shekara da sunan gari, kuma a jihohin Kano da Kaduna an taɓa soke harajin a 1979. Kada ku tafi da ko ɗaya. Ku ɗauki hotonsa, ku kwafe abin da ke jiki, ku mayar inda yake. Kowane hoto kuma ku tambayi sunayen mutanen ciki tun akwai mai gane su. Wanda abin ya kai shi nesa, akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Gaskiya da amana

Duk wanda ya tona tarihin gida zai ci karo da abu biyu. Na farko shi ne labarin da aka ƙawata. Gidaje da yawa suna cewa kakansu daga gabas ya zo, ko ɗan sarki ne da ya rasa sarauta ya yi fushi ya bar gari. Wani gaskiya ne, wani kuma an ƙara masa gishiri a hanya. Ba aikinku ba ne ku ƙaryata tsoho a gabansa, kuma bai kamata ku rubuta abin kamar kun gani da ido ba. Ku rubuta "in ji Baffa", ko "yadda ake faɗa a gidanmu". Idan mutum biyu sun saɓa, ku kawo duka biyun da sunan kowa. A ƙarshen kowane babi ku rubuta wanda ya ba ku labarin da ranar da ya bayar.

Na biyu shi ne labari mai ciwo: auren da ya mutu, rigimar gado, ɗan'uwan da ya shiga duniya, zaman kurkuku, ko asalin bauta, ko dai an bautar da kakanninku ko su ne suka mallaki bayi. Waɗannan abubuwa sun faru a ƙasar nan, kuma ba laifin jikan da aka haifa jiya ba ne. Amma magana zarar bunu ce. Abin da tsohuwa ta gaya muku a ɗakinta da dare amana ce. Kafin ku sa shi a littafin da kowa zai karanta, ku koma ku tambaye ta. Idan ta ce a bari, ku bari. Idan abin ya shafi wanda yake raye, shi ma yana da haƙƙi. Kada ku ɗora hoton kowa ko sirrin gida a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp don neman yabo. Kuma kada littafin ya zama wurin rama faɗan da ake yi tsakanin ɗakuna. Idan kun rubuta kishiyar mahaifiyarku, ku rubuta ta yadda 'ya'yanta za su karanta su ce lallai ita ce. Tarihin da ya raba zumunci bai yi amfani ba.

Zama a rubuta

Idan kayan aiki sun taru, kada ku ce sai kun fara daga kakan kakanni kun gangaro a jere. Ku raba aikin ƙananan babi, kowanne shafi biyu ko uku, kowanne da abu guda: Gidanmu, Yadda Muka Zo Garin Nan, Sana'ar Kakana, Auren Kaka, Shekarar Fari, Ranar da Na Fara Makaranta. Ku fara da wanda ya fi muku daɗi. A tsakiyar littafin ku zana bishiyar dangi, ku a ƙasa, iyaye biyu a sama, kakanni 4, iyayensu 8. Inda ba a san suna ba ku bar gurbin, wata rana wani zai cike.

Ku rubuta bayaninku da daidaitacciyar Hausa, amma maganar tsoho ku bar ta yadda ta fito daga bakinsa. Idan Basakkwace ne ko Bakatsine ko Bagobiri ko Bahaɗeje, a ji shi a takarda. Idan ya faɗi kalmar da ba ku sani ba, ku tambayi ma'anarta ku ware mata shafi a ƙarshen littafi. Ku kula da haruffa masu lanƙwasa, domin baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, gada daban gaɗa daban. Wanda Fulatanci ko Kanuri ko wani harshe ne na gidansu, ya rubuta maganar tsofaffi da harshen, ya biyo da fassara. Wannan aiki kuma zai taimake ku a jarrabawa, domin wanda ya saba siffanta tsakar gidansu da tsara labarin kakansa ba zai tsaya cizon biro ba ranar da aka ce ya rubuta insha'i a WAEC ko NECO.

Daga ƙarshe, ku yi tanadin ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, katin ajiyarta yana lalacewa. Duk muryar da kuka ɗauka ku kwafe ta a takarda cikin makon. Littafin kuma gara da ɗigon damina ba su san darajarsa ba, don haka ku sa shi a leda, ku yi masa kwafi biyu ku ba 'yan'uwa biyu da ba gida ɗaya suke zaune ba.

Aikin wannan mako

Abu uku muke so kowa ya yi kafin fitowa ta gaba. Ku zana taswirar gidan da kuka yi wayo a ciki. Ku cike sunayen kakanninku 4 da garuruwan da aka haife su. Sannan ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a danginku, ku yi masa tambaya uku, ku rubuta shafi ɗaya daga abin da ya faɗa. 'Yan makarantar kwana su rubuta tambayoyinsu su ajiye, ranar da aka ba da hutu su fara da wannan ziyara kafin ta abokai. Wanda kakanninsa suka riga mu gidan gaskiya, ya nemi goggo ko kawu ko tsohon maƙwabcin da ya zauna da su. Wanda ya rubuta abin da yake so a gani, kuma mutanen gidansu suka yarda, ya aiko wa wannan fili ta hannun malaminsa na Hausa, za mu zaɓi wasu mu buga.

Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ku gaishe mana da su Kaka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.